An yi mata aikin rage ciki, ga ciwon haƙori: ta sha Cataflam?

Ummu Rayyan, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka. Yayata aka yi wa aikin rage ciki bara, irin wanda ake kira tahwil masar. Tun daren jiya haƙori ya tasar mata, kumatu har ya ɗan tasa, likitan haƙorinta kuma sai ranar Lahadi. Akwai Cataflam a gida. Ta ce kamar an taɓa hana ta irinsa, amma takardar asibitin ta ɓata a wajen ƙaura. Ƙwaya ɗaya tak, akwai matsala?

Abu Fahad: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni ma an yi mini wani irin aikin rage cikin, takmim, kuma duk ranar da gwiwa ta matsa mini bayan ɗawafi Brufen nake sha, ko gezau. Ƙwaya ɗaya ba ta kashe mutum. Likitocin nan tsoratarwa ta yi musu yawa.

Anti Nas, Makka: A'a Ummu Rayyan, kada ta sha. Ki ɗauke kwalin ma daga inda hannunta zai kai, don mai ciwon haƙori ba ya jin kira. Ki ba ta Panadol na fili, wanda ba a haɗa da komai ba. Abu Fahad, don girman Allah a daina auna jikin wani da naka. Aikinka daban, nata daban.

Abu Fahad: Anti, ai duk ciki aka rage.

Ɗan Saidaliyya: Ba ɗaya ba ne Yaya, bari in yi bayani tunda yanzu babu layi a gabana a saidaliyya, wato kantin magani. A takmim, ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, saura ya zama siriri, amma abinci na bin tsohuwar hanyarsa. A tahwil masar kuwa, ana ware wata 'yar jaka a saman tumbi, ba ta wuce girman ƙwai ba, sai a jawo ƙaramin hanji a ɗinke da ita kai tsaye. Matsalar tana wajen ɗinkin nan. Tumbi yana da kariyar da yake jure ruwan tsamin da yake fitarwa, wannan ɓangaren na hanji bai saba da shi ba. To su Cataflam da Brufen aikinsu shi ne danne wani sinadari da ke kawo zafi da kumburi, kuma sinadarin nan shi ne dai ke sa bangon ciki ya fitar da yauƙin da ke kare shi, ya kuma kai jini wurin. Ka danne shi, ka tuɓe wa ɗinkin riga. Gyambo ke fitowa a bakin ɗinkin, wani ya yi ta zubar da jini a ɓoye, wani ya huje gaba ɗaya, sai tiyatar gaggawa. Shi ya sa mai tahwil ake ce masa ya rabu da wannan dangin magani har ƙarshen rayuwa, ba wata shida ko shekara ba.

Ummu Rayyan: Innalillahi. Na ɗauke. Panadol ɗin nawa za ta sha?

Ɗan Saidaliyya: Ƙwaya biyu masu 500, bayan kowace awa shida in da buƙata, kada ta wuce ƙwaya takwas a yini da dare, wato giram 4. In nauyinta ya sauka ƙasa da kilo 50 ko tana da ciwon hanta, bai kamata ta kai haka ba, sai ta tambaya. Ta haɗiye ɗaya, ta ɗan jira, sannan ɗayar. Kuma a kula, Adol da Fevadol duk paracetamol ne, haka yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Mutum sai ya sha kala uku yana zaton magani uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka wa hantarsa.

Anti Nas, Makka: Ni kumburin kumatun ne ya fi damuna. Wannan alamar ruwa ya taru a gindin haƙori ne, Panadol ba zai fitar da shi ba. Kada ku jira Lahadi, akwai wuraren haƙori da ke aiki Juma'a da Asabar. In zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya doshi ido ko wuya, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kuna shiga, kafin likita ya ɗauki biro, ta ce masa an yi mata tahwil masar. Likitan haƙori bakinka yake kallo, bai san abin da ke cikinka ba, kuma abin da hannunsa ya saba rubutawa bayan cire haƙori shi ne Brufen.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Sannunku 'ya'yana. Ki samu kanumfari ki ɗan daka ta danna a wurin, ta kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Da shi muka tashi.

Anti Nas, Makka: Wannan babu laifi Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ya rage mata zafi kafin su isa wurin likita, amma su isa ɗin.

Abu Fahad: To na ji na tahwil. Amma ku yarda ni nawa babu komai. Babu ɗinkin hanji a jikina.

Ɗan Saidaliyya: Rabin gaskiya kake da ita Yaya, ba zan hana ka ita ba. A kan takmim likitoci ba su haɗu a baki ɗaya ba. Wasu suna hanawa gaba ɗaya, wasu suna bari bayan ciki ya warke a sha na 'yan kwanaki, a haɗa da maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole ko pantoprazole. Amma wannan izini ne da likitanka zai ba ka bayan ya duba ka. Kai kuma abin da ka bayyana, duk sati in ka yi ɗawafi, ba 'yan kwanaki ba ne, ya zama ɗabi'a. Masu takmim da yawa suna fama da ƙwannafi dama, ga shi ka ƙara wannan. Kuma gyambo ba kullum yake sallama ba, wani sai an auna jini a ga ya yi ƙasa.

Abu Fahad: Ni dai lafiyata ƙalau alhamdulillah.

Ɗan Karantina: Abu Fahad, faɗa musu har da shishar da ake sha a bakin teku daren Alhamis 😂

Abu Fahad: Kai wa ya tambaye ka?

Anti Nas, Makka: Dariya kuke yi, amma taba da shisha suna cikin manyan abubuwan da ke kawo gyambon nan, don suna rage jinin da ke zuwa bangon ciki. Taba da Brufen a ciki ɗaya, ai an haɗa wa gyambo gida da abinci. Alamomin da ba a wasa da su: zafi mai ƙuna a saman ciki da ba ya tafiya, aman jini ko amai baƙi-baƙi, bayan gida baƙi mai danƙo da mugun wari, jiri da bugun zuciya da sauri. Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, amma nasa ba ya danƙo da warin nan. In an yi kokwanto a je a duba. Nan yankin Makka 911 ake kira, tambaya kuma 937 na Ma'aikatar Lafiya, akwai likitoci dare da rana.

Maman Sudais: To allurar Voltaren fa? Ko wanda ake sawa ta ƙasa? Ai su ba sa bi ta ciki.

Ɗan Saidaliyya: Tambayar da ake yi mini kullum ke nan, Maman Sudais. Mutane suna zaton ƙwayar ce ke ƙona ciki da ta taɓa shi. Wannan ɗan ƙaramin ɓangare ne. Babbar illar ta jini take zuwa, don haka allura da na sawa ta ƙasa duk kanwar ja ce. Man shafawa ne kawai abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne, likitoci da yawa suna barin a shafa a gwiwa ko baya, shi ma a tambaya. Ku koyi karanta ƙaramin sunan da ke ƙasan babban suna a kwali. Ibuprofen shi ne Brufen, Profinal, Sapofen da Advil. Diclofenac shi ne Voltaren, Cataflam da Rofenac. Ponstan da mata ke sha don ciwon mara shi ma ɗan gidan ne, haka naproxen da aspirin.

Ɗan Karantina: Ka manta kayan da ake kawo mana tsaraba daga gida. Alabukun ai aspirin ne da kafeyin a ciki. Ga ƙunshin kemis na ciwon jiki, ƙwayoyi biyar kala-kala a leda babu suna babu takarda. Duk Umara sai an kawo wa tsohuwarmu.

Anti Nas, Makka: Wannan ƙunshin, ko mai cikakken ciki ban so ya sha, balle wanda aka yanka. Har da garin sanyin ƙashi da ake cewa na gargajiya ne zalla. Irinsu an sha kamawa a ƙasashe da dama an cakuɗa musu maganin kashe zafi ko sitiroyid, shi ya sa mutum ke jin sauƙi nan take yana sa wa mai magani albarka.

Baba Alhaji, Misfala: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, gabana ya faɗi. An sa mini ƙarfe a jijiyar zuciya, ina shan aspirin ƙarami kullum. Daga baya aka yi mini tahwil saboda suga. In daina ke nan?

Ɗan Saidaliyya: A'a Baba, kada ku daina ko na rana ɗaya da kanku. Naku daban ne. Aspirin ɗin nan mai 81 ko 100 shi ke hana jini daskarewa a ƙarfen, daina shi ya fi shansa haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ake yi wa irinku shi ne a ci gaba da shi a haɗa da maganin kare ciki. Ku duba cikin magungunanku ko akwai pantoprazole ko ɗan uwansa. In babu, ku gaya wa likitan zuciya da likitan tiyata su daidaita.

Baba Alhaji, Misfala: Akwai shi, da safe nake sha kafin karin kumallo. Allah ya yi maka albarka ɗana.

Ummu Rayyan: Mun samu wurin haƙori a unguwar Bawadi, muna hanya. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Maman Sudais: Allah ya sawwaƙe. Tunda an buɗe maganar bari in faɗi namu, ko wani zai amfana. Abban Sudais yana da suga shekaru da yawa, yana allurar insulin da ƙwayar gliclazide. Da aka sallame shi bayan aiki, babu wanda ya zauna da mu a kan tsofaffin magungunan. Mutumin da ke tashi da faranti na kabsa ya koma cokali huɗu na romo, amma allura tana nan yadda take. Ranar nan yana alwalar la'asar na ji buta ta faɗi. Na tarar da shi zaune a ƙasan banɗaki, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannu na rawa, yana kallona kamar bai san ni ba. Na auna, 48. Zuma na narka a ruwa na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya dawo. Washegari aka rage insulin sosai aka cire ƙwayar.

Anti Nas, Makka: Allah ya kiyaye gaba. Suga yana sauka tun kwanakin farko, kafin ma a ga rama a jiki, musamman a tahwil. Duk abin da ya gaza 70 ya yi ƙasa. In mutum yana iya haɗiya a ba shi mai zaƙi, in ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kira motar asibiti. Hawan jini ma haka yake. Nauyi na sauka, jini na sauka, magani na nan yadda yake, sai mutum ya ɗago daga ruku'u ya ga duhu. Masu shan Lasix da sauran masu sa fitsari su ne abin tausayi a zafin Makka, don ciki ba ya ɗaukar kofin ruwa a tashi ɗaya, ga magani na zubar da ɗan wanda ya shiga. Ƙoda ke biyan bashin.

Ɗan Saidaliyya: In ƙara ɗaya. Masu shan magungunan suga Jardiance ko Forxiga, ana dakatar da su aƙalla kwana uku kafin aiki, kuma ba a komawa sai likita ya ce. Tare da ƙarancin abinci suna iya sa jini ya yi tsami mai haɗari alhali na'urar auna suga tana nuna lafiya lau. Amai, kasala da numfashi sama-sama, asibiti.

Hajiya Babba, Shara Mansur: Jikata da aka yi wa, a turmin yaji muke daka mata duka ƙwayoyin mu zuba a zabadi, wato yogot, tunda ba sa wucewa.

Ɗan Saidaliyya: Hajiya ranki ya daɗe, wasu ana dakawa, wasu kuwa dakawar ita ce haɗarin. Ku sa a duba kwalin. In an ga XR, SR, MR, CR ko LA a gaban suna, an gina ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali tsawon yini. Aka daka ta, maganin yini guda ya shiga jini a lokaci ɗaya. In na hawan jini ne mutum na iya faɗuwa. Haka masu rufin da aka yi don kada su narke sai a hanji. Sannan ga mai tahwil, ko ba a daka ba irin waɗannan ba abin dogaro ba ne, don hanya ta gajarce, ƙwayar na iya wucewa ba ta gama saki ba. Shi ya sa ake mayar da mai Glucophage XR kan metformin na fili. Ku kawo kwalayen kowace saidaliyya, mu ware muku wanda ake dakawa da wanda ake neman na ruwa. Na ruwan ma a nemi marar suga, don sirop mai zaƙi yana sa mai tahwil gumi da murɗa da gudawa.

Hajiya Babba, Shara Mansur: To. Sanamakin da nake dafa mata saboda bayan gida fa?

Anti Nas, Makka: A ajiye shi tukuna Hajiya. Na dafawa ba a san ƙarfinsa ba, in ya sake ta da gudawa ruwan jikinta zai ƙare. A gaya wa likita, akwai masu laushi da yake bayarwa.

'Yar Rusaifa: Maza ku kau da kai. Anti, ƙwayar tazarar haihuwa tana aiki bayan aikin? Wata ce ta ce in tambaya mata.

Ɗan Karantina: Mun kau.

Anti Nas, Makka: Ki gaya wa watan, in tahwil ne kada ta dogara da ƙwayar sha, don ba lallai jiki ya tsotse ta yadda ya kamata ba. Robar mahaifa ko ashanar hannu su ake ba da shawara. In takmim ne ƙwayar tana aiki, sai dai amai ko gudawa na iya ɓata lissafi. Kuma mai estrogen ana tsayar da ita wajen wata guda kafin aiki saboda daskarewar jini. Abin da mata ba sa tsammani shi ne haihuwa tana buɗewa da rama. Mace ta yi shekaru al'ada na mata wasa, ta cire rai, wata biyar bayan aiki sai ga ciki. Abin farin ciki ne, amma lokacin jiki na zubar da nauyi, abincin bai ishe ta ba balle ɗa. Shawarar likitoci a jira wata 12 zuwa 18. In kuma ya riga ya shiga, a garzaya wurin likitan mata a gaya masa aikin da aka yi, don har bitamin ɗin sai an sauya.

Abu Fahad: Bitamin ɗin nan ma ni ina ganin kasuwanci ne. An ce har abada. Kowane wata riyal nawa? Ni na daina, ina cin nama ina cin dabino.

Ɗan Saidaliyya: Yaya, za ka ce don ina sayarwa ne, to kada ka saya a wurina, in kana da inshora ko Wasfaty, tsarin karɓar magani na gwamnati, ta rufe maka ka karɓa can. Ɓangaren tumbin da aka cire maka yana cikin inda ake yin sinadarin da ke riƙo B12 ya shigar da shi jiki. Hanta tana da ajiyar shekaru, shi ya sa kake jin garau. Ranar da ajiya ta ƙare, tafin ƙafa zai fara jin kamar ana tsira allura, mantuwa ta shigo, kuma jijiya in ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo ba. Allura ɗaya duk wata uku ta wadatar wa mutane da yawa. Je ka auna jini sau ɗaya a shekara, in sakamako ya ce ƙarya nake, ka liƙa shi a nan kowa ya gani.

Abu Fahad: Zan auna, don in kunyata ka.

Anti Nas, Makka: Mun yarda. Wanda ya fi gaggawa shi ne B1. Ajiyarsa 'yan makonni ce kawai. Duk wanda aka yi wa aiki yake ta amai kwana da kwanaki, ya fara tangaɗi, gani biyu-biyu ko ruɗewa, ba aljanu ba ne, a yi masa addu'a a mota ana tafiya asibiti, a ce musu a ba shi thiamine, wato B1 ɗin.

Maman Sudais: Ni lissafin lokutan ke ruɗa ni. Ƙanwata tana shan Euthyrox, maganin thyroid, ga na ƙarin jini, ga kalsiyam. Azumi kuma na tafe.

Ɗan Saidaliyya: Euthyrox shi kaɗai da ruwa, ciki babu komai, kuma awa huɗu tsakaninsa da kalsiyam ko ƙarin jini, don suna riƙe shi su hana shi shiga. A riƙa auna TSH, gwajin jini na thyroid, tunda nauyi in ya sauya adadin ma kan sauya. Kalsiyam da ƙarin jini su ma a raba su da awa biyu. Kalsiyam ɗin a nemi citrate, shi ba ya buƙatar tsamin ciki kamar carbonate, a kuma rarraba shi, kada ya wuce 500 zuwa 600 a sha ɗaya. Ƙarin jini kuma ba da shayi ko gahawa ba, wanda na san a garin nan magana ce mai wuya.

Malam na Hindawiyya: Game da azumin, aya ta 185 a Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. In amintaccen likita ya ce azumi zai cutar, bin maganarsa ba raunin imani ba ne. Sai dai likita ne zai faɗa, ba zaure ba.

Maman Sudais: Na gode Malam. Ita wata huɗu ke nan da aikin.

Anti Nas, Makka: Wata huɗu ya yi kusa. Likitoci da yawa suna hana azumi a watannin farko, wasu har shekara. Ana so ta sha aƙalla lita ɗaya da rabi na ruwa a kurɓe-kurɓe, ba a haɗa ci da sha, ga magani uku da ba sa haɗuwa, duk tsakanin magariba da asuba. Ki lissafa da kanki ki gani ko zai shiga. In kuma an ba ta ursodiol na hana tsakuwar matsarmama, wanda ake sha wajen wata shida, shi ma yana cikin layin.

Maman Sudais: Tana shan sa. Tana da ganin likita sati mai zuwa.

Ɗan Saidaliyya: To ta zuba kwalayen duka a leda ta tafi da su, har da habbatus sauda da hulba in tana sha, kada ta ce za ta faɗa da ka. Mai shan warfarin, lithium ko maganin farfaɗiya a gidanku shi ma haka, su har jini ake aunawa a ga adadin da ya shiga. Jama'a sun taru a gabana, sai bayan isha'i.